Kunama mai laushi: gaskiya da ƙarya a zancen gyaran bindiga

Wata ranar da yamma ina zaune a maƙera a Gammo, ina jiran a sa mini ƙota a fartanya, sai ga wani saurayi ɗan sintiri ya shigo da bindigar toka naɗe cikin tsohon buhu. Ya durƙusa ya gai da maƙerin, ya ce, "Baba, kunamar nan ta yi mini tauri. An ce in aka ɗan goge ta da magagari, da an taɓa sai ta tashi." Tsohon ya ajiye guduma ya karɓa. Kafin ya duba komai sai da ya juya bakinta ya fuskanci bango. Sannan ya ce, "Yaro, da ita kake hawa babur?" Ya ce e. "To, wanda kake goyowa a baya ɗan wane ne?" Saurayin ya yi shiru. Tsohon ya naɗe ta ya miƙa masa abarsa.

Tun daga ranar nake sauraron zancen nan a majalisu. Mutanen Gwarzo da Kabo suna dab da iyakar Katsina, sun ji labarin hare-haren 'yan bindiga a Shanono da Tsanyawa, kowa barci yake da ido ɗaya. Ga kuma waya a hannu, matasa na kallon Amurkawa suna cire kunamar da kamfani ya sa wa ƙaramar bindiga suna sa wata mai laushi. Sai zance ya cakuɗe, rabi gaskiya rabi ƙarya, kuma irin wannan cakuɗar ita ke kashe mutum.

Na fara da inda masu zancen suka yi gaskiya. Sun ce kunama mai laushi tana gyara saiti. Haka ne. In yatsa na kokawa da kunama mai tauri, hannu yana karkata, bakin bindiga ya goce. Ƙaramar bindigar Glock, wadda 'yan sandan ƙasashe da yawa ke riƙewa, tana fitowa daga kamfani da kunamar da sai an ja ta da ƙarfin kusan kilo 2 da rabi, wato nauyin kwanon hatsi ɗaya a kasuwarmu. 'Yan sandan birnin New York sun shafe shekaru suna ƙara wa nasu tauri da gangan har ya kai fam 12, sama da kilo 5, don gudun harbin kuskure. A 2021 suka koma ba sababbin kurata mai fam 5, saboda sun ga sun fi samun abin da suka auna da ita. Wannan ya faru, ba na musu.

Amma a duba su waye. Mutane ne da ake horarwa wata da watanni, bindigarsu na cikin kube da ke rufe kunama ruf, akwai ma'aikacin makamai da ke duba ta. Kuma abin da suka koma wa shi ne awon kamfani. Ba su ɗauki magagari sun goge ƙarfe ba. Ko a gasar harbi ta duniya, inda mutum ke tsaye cikin natsuwa yana auna takarda, akwai iyaka: ƙaramar bindigar iska ta mita 10 ba a yarda kunamarta ta gaza giram 500 ba, ta mita 25 kuwa giram 1,000, kuma alƙalai kan rataya ma'auni a jikin kunamar su gwada. In masu harbin takarda suna tsoron laushin da ya wuce kima, ina ga mai tafiya cikin duhu a gonar dawa, gabansa na faɗuwa?

Nan ne babbar ƙaryar take. Ana cewa gogewa laushi kawai take kawowa, bindiga ba za ta tashi ba sai an taɓa ta. Wanda ya taɓa leƙa cikin bindiga ya san ba haka ba ne. Idan aka ɗana, wani ɗan haƙorin ƙarfe ne ke riƙe da abin da ke dukan wuta, kamar yadda ɗan tsinke ke riƙe tarkon kurciya. Cikin taurin da yatsa ke ji, akwai riƙon haƙorin nan. Ka rage shi, ka rage riƙon. Daga nan ba yatsa kaɗai ke iya sakin sa ba: faɗuwa ƙasa na iya yi, ramin hanya a kan babur na iya yi, reshen ƙaya da ya kama riga na iya yi. Kuma ƙarfen da aka goge ba ya tsayawa inda aka bar shi. Fatar sama mai ƙwari ta tafi, sai ya riƙa cinyewa a hankali, bindigar da ta riƙe yau ta saki bayan wata uku ba tare da ta yi sallama ba. Wannan ya fi tsanani a bindigar gida, toka ce ko baushe, domin ƙarfenta na bola ne, babu biyu da suke daidai da juna, kuma yawancinsu ba su da makullin tsaro ko ɗaya.

Sai kuma jikin ɗan Adam. Mutum in ya yi tuntuɓe ko ya firgita, hannunsa na damƙewa da kansa, yatsu duka tare, bai ba su umarni ba. In hannun hagu ya cafki wani abu da ƙarfi, na dama ma yakan matse. Masu horar da 'yan sanda sun daɗe da sanin haka, shi ya sa darasin farko shi ne yatsa ba ya shiga zoben kunama sai an yanke shawarar harbi. A daren hunturu, yatsa ya ƙage da sanyi, ba ya ma jin abin da ya taɓa. Ɗan taurin nan da saurayin ke kuka da shi, shi ne kaɗai ratar da ke tsakanin motsin ciyawa da gawar maƙwabci da ya fito kewayawa.

Akwai masu kishiyar magana, su ma ba su tsira ba. Sukan ce abin da ya fito daga kamfanin Turawa ba ya kuskure, na maƙera ne kawai ke tashi da kansa. Tarihi bai goyi bayansu ba. Kamfanin Remington na Amurka ya sha ƙara a kotu kan bindigar farautarsa samfurin 700, wadda ya fara sayarwa a 1962, bisa zargin tana tashi ba a ja kunama ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya yarda ya canja kunama kyauta a yarjejeniyar da ta shafi bindigogi kusan miliyan 7 da rabi. A watan Agustan 2017 kamfanin SIG Sauer ya buɗe shirin gyara ƙaramar bindigarsa P320 bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, alhali a Janairun shekarar ne sojan Amurka suka zaɓi irinta. Injiniyoyi ke nan masu ɗakunan gwaji da na'urorin awo, kunama ta ba su kunya. Abin da na ɗauka a nan shi ne wurin yana da wuyar sha'ani ƙwarai, ba wurin da za a sa magagari da ido ba ne a ƙarƙashin rumfa.

Batun doka kuwa, a nan jita-jita ta fi yawa, kuma ita ta fi saurin kai mutum gidan yari. Ana cewa ai gwamnoni sun ce kowa ya nemi bindiga. An faɗa: Aminu Bello Masari ya yi irin wannan kira a Katsina a 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta yi a Zamfara a watan Yunin 2022. Sai dai kalamin gwamna ba ya canja dokar tarayya. Dokar makamai ta 1959 ita ke aiki har yau, kuma ta kasa bindigogi uku. Ƙaramar bindiga, fistol ko libarba, ko da maƙeri ne ya ƙera ta, tana cikin kashin farko tare da bindigogin soja, babu mai riƙe ta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin riƙe ta ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Ke nan tambayar da Ba'amurke ke yi, ko ya canja kunamar bindigar da yake yawo da ita a ƙugu, ba tambayar farar hula ba ce a Najeriya. Kashi na biyu, irin bindigar farauta mai cin harsashi, lasisinsa na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sababbi. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, toka da harba-ka-ruga, waɗanda doka ta bar wa Kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon wajabta musu lasisi da yardar gwamna. Katin ƙungiyar 'yan banga ko ta mafarauta shaida ce ta ƙungiya, ba lasisi ba ce. Mai shakka ya je ofishin 'yan sanda na Kabo ko na Gwarzo ya tambaya da bakinsa.

Shi ma gyaran, doka ba ta bar shi sake ba. Ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta ba tare da izini ba laifi ne, kuma izinin gyaran masu ɗuri ta baki daga Sufeto Janar yake fitowa, da amincewar gwamna. Maƙerin da ya goge kunama don ya kyauta wa yaron unguwa, ranar da ta tashi a cikin taron suna, da shi za a tafi.

In kunama ta yi tauri fiye da yadda aka saba, sau da yawa tsatsa ce da ƙura da ragowar albarushi, abin da tsafta da ɗan mai ke magancewa. In kuwa ta fara saki da kanta, ko sau ɗaya, bindigar ta gama aiki, a sauke ɗurinta a jingine ta. Saurayin nan na sake ganin sa bayan kwana biyu a bakin masallaci, na tambaye shi ko ya kai ta wani wuri. Ya ce, "A'a, Malam. Ƙanena nake goyowa."