Hayaƙin da ke tsakanin taurari

 

Ya ƴan'uwa masu saurare, wani ɗalibi ya kawo mana hoto cikin wayarsa, na wani gajimare ja a tsakiyar taurari, yana tambaya ko shi ne hayaƙin da aka ambata a Suratu Fussilat, aya ta 11, inda Allah Ya ba da labarin sama tana hayaƙi tun farkon halitta.

Mu fara da abin da ido ke gani. A lokacin ɗari har farkon bazara, bayan sallar Isha'i, in babu hazo, mutum ya fita bayan gari ya nemi taurari uku da suka jeru reras, cikin rukunin da Larabawa ke kira Jauza'u. Kusa da su akwai wasu ƙanana uku, na tsakiyarsu dishi-dishi yake kamar an shafa toka. Wannan ba tauraro ɗaya ba ne. Masana falaki sun tabbatar gajimare ne na iskar haidurojin da ƙura. Nisansa ya kai tafiyar haske ta shekara kusan 1,350, alhali haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, kuma na rana minti 8 da ƴan kai yake yi ya iso mu. Ke nan hasken da za ku gani daren yau ya baro can tun ƙarni na farko na Hijira.

A cikin irin wannan gajimare ake haifuwar taurari. Iskar takan dunƙule, nauyinta ya matse ta, cikinta ya yi zafi har ya kama ci, sai tauraro ya bayyana. Taurari huɗu masu tsananin zafi da ke tsakiyar na Jauza'u su ke haskaka shi. Wani gajimaren kuwa gawar tauraro ne: a shekarar 1054 ta Miladiyya mutanen Sin sun rubuta ganin wani tauraro da ya yi haske har da rana tsaka, kuma tarkacensa na nan yana bazuwa har yau.

To, shi ne hayaƙin ayar? A nan muke jan hankali. Jalalaini, wanda muke karantawa kowane azumi, ya fassara hayaƙin da tururi mai tasowa, bai ƙara ba. Ayar tana magana kan sama kafin a daidaita ta, wannan gajimare kuwa yana cikin saman da aka riga aka gina. Kamanni akwai, ya isa abin lura ga mai hankali, amma ba mu yanke cewa shi ne ba. Dalilinmu, masanan kansu suna gyara maganarsu. Abdurrahman as-Sufi ya ambaci wani ɗan gajimare a littafinsa na taurari a shekarar 964, aka daɗe ana lissafa shi cikin irin waɗannan, sai wajen 1924 aka gane tarin taurari ne masu ɗimbin yawa, nisa ya sa suka haɗe. Wanda ya ɗaure ma'anar aya da bayanin farko, da me zai fuskanci ɗalibansa ranar da aka warware shi?

Launin hoton ma, mun faɗa wa ɗalibin, na'ura ce ta daɗe tana tara haske kafin ya fito haka. Da ido, fari-fari kawai zai gani.