Bukin Ƙarshen Shekara a Makarantun Kwana na Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatu a makarantar kwana a ƙasar Hausa ya san cewa makon ƙarshe na shekara daban yake da sauran makwanni. An gama jarrabawa, malamai sun duƙufa wajen duba takardu, ɗalibai kuwa sun koma ga sharar fili, da shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, da gwajin wasan kwaikwayo. A ƙarshen makon ne ake yin taron nan da ake kira Ranar Jawabi da Ba da Kyaututtuka, wanda sarki ko hakimi, da jami'an ilmi, da iyayen yara sukan halarta.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan mako tamkar lokacin shaƙatawa kurum bayan wahalar karatu. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa aikinsa ya fi haka. A cikinsa ne makaranta take yi wa jama'ar gari bayanin abin da ta yi da 'ya'yansu, kuma a cikinsa ne ɗalibai suke koyon karɓar shugabanci da sauka daga kansa. Za a duba asalin bukin, da irin zaman da ya haife shi, da yadda ake gudanar da shi, sa'an nan halin da ya shiga a 'yan shekarun nan.

Asalin Bukin

Makarantar allo, wadda Bahaushe ya sani tun kafin zuwan Turawa, ba ta da abin da ake kira ƙarshen shekara. Kowane almajiri yana tafiya ne gwargwadon ƙoƙarinsa, in ya iya allonsa ya wanke, malam ya ƙara masa. Hutunta shi ne na Alhamis da Juma'a, da na salloli. Babban bukinta kuwa shi ne saukar karatu, kuma na mutum ɗaya ne: a yi wa allonsa zayyana, ya karanta a gaban malamai, a yi yanka da sadaka, ya zaga dangi da allon suna yi masa kyauta.

Makarantar boko ce ta zo da tsarin aji, wato a tara yara sa'o'in juna su fara tare, a jarraba su tare, su gama tare. Hans Bisa, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Kilifod ya yi bukin buɗe ta a 1922. Daga baya aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda ta sami sunan Kwalejin Barewa a 1971. Turawan da suka koyar a wannan kwaleji sun kwaikwayo tsarin manyan makarantun kwana na Ingila: raba ɗalibai gida-gida, naɗa shugabanni daga cikinsu, gasar wasanni, da taron jawabi a ƙarshen shekara. Waɗanda suka fito daga cikinta su ne suka zama malaman makarantun midil na larduna, ta haka tsarin ya bazu ko'ina a Arewa.

Akwai wani dalili da ya sa bukin ya karɓu da sauri. Har zuwa shekarar 1973, shekarar karatu a Nijeriya tana farawa ne a watan Janairu ta ƙare a Disamba. Ke nan ƙarshenta yakan faɗo a ƙarshen kaka, lokacin da rumbuna suka cika, manomi ya huta, ake ɗaurin aure da dambe da kokawa a ƙauyuka. A wannan lokaci ne kuma samari da 'yan mata suke yin kalankuwa, inda sukan naɗa sarki da alƙali da sauran masu muƙami daga cikinsu, su kwaikwayi yadda ake mulki. Saboda haka uban da ya zo makaranta ya tarar an naɗa ɗansa shugaban gida, ko ya gan shi da rawani a wasan kwaikwayo yana yanke shari'a, bai ga baƙon abu ba.

Zaman Gida-Gida

Ba za a fahimci bukin ba sai an fahimci zaman da ake yi a sauran watanni. Da zarar yaro ya shiga makarantar kwana, akan ba shi gida, wato rukunin ɗakunan kwana mai suna da launin tuta nasa. A Kwalejin Barewa, alal misali, akwai gidaje masu sunan Ɗan Hausa, da Nagwamatse, da Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina. Gida ya haɗa ɗan aji ɗaya da ɗan ajin ƙarshe, ya haɗa ɗan sarki da ɗan talaka, ya kuma haɗa mutanen garuruwa dabam-dabam. Tsakanin 1925 da 1933 Kwalejin Katsina ta tara Kashim Ibrahim daga Barno, da Ahmadu Bello daga Sakkwato, da Abubakar Imam daga Kagara, da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci. Sanin juna da suka yi tun suna yara ya yi tasiri ƙwarai a sha'anin mulkin Jihar Arewa daga baya.

Kowane gida yana da malami mai kula da shi, amma tafiyar da harkokin yau da kullum tana hannun ɗalibai ne. Akwai shugaban ɗalibai baki ɗaya, da kyaftin na kowane gida, da mai kula da ɗakin cin abinci, da na tsabta, da na wasanni, da na masallaci, har da mai buga ƙararrawa. Su ne masu tashin yara da asuba, su raba shara, su sa ido a kan rabon tuwon nan da ɗalibai suka raɗa wa suna gabza. Haka nan kuma babban ɗalibi yakan ɗauki ƙarami ya zama yaronsa, yana ɗebo masa ruwa, shi kuwa yana kare shi yana koya masa karatu. A makarantun 'yan mata wannan dangantaka ta yi kama da ta uwar ɗaki da 'yar ɗaki da aka sani a cikin gari.

Wannan tsari yana da aibinsa. Yaron da aka ba iko yana ɗan shekara goma sha bakwai yakan iya wuce gona da iri, kuma cin zalin da siniya ke yi wa juniya tsohon ciwo ne a makarantun kwana. Abin da ke rage kaifinsa shi ne sanin da kowane shugaba ya yi cewa mulkinsa na shekara ɗaya ne tak, kuma akwai ranar da zai sauka a gaban waɗanda ya mulka.

Makon Ƙarshe

Bayan jarrabawa, abu na farko shi ne gasar wasanni tsakanin gidaje: tsere, da dogon tsalle, da jan igiya, da ƙwallon ƙafa. A tsofaffin makarantu akwai kuma fayif, ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wanda ya samo asali daga makarantar Eton ta Ingila. Sardauna Ahmadu Bello ya koye shi a Katsina, bai kuwa daina bugawa ba har bayan ya zama Firimiya. Wasu makarantu sukan ƙara da langa da kokawa. Makin da yaro ya ci na gidansu ne, don haka wanda ba ya taɓuka kome a aji yakan zama abin alfaharin gida saboda gudunsa.

Ranar jawabi kanta tana da tsari sananne. Akan buɗe da addu'a, sa'an nan shugaban makaranta ya karanta rahoton shekara: yawan ɗalibai, da sakamakon jarrabawar fita, wadda Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1952 take shiryawa, da malaman da suka zo da waɗanda aka canja wa wurin aiki, da waɗanda Allah ya yi wa rasuwa. Yakan kuma faɗi matsaloli, kamar rijiyar da ta ƙafe ko rufin ajin da iska ta yaye. Wannan rahoto shi ne ginshiƙin taron, domin a nan ne kaɗai shugaba yake tsayawa a gaban sarki da iyaye da jami'an ilmi a zama guda, ya faɗi abin da ya yi da amanar da aka ba shi. Sau da yawa a nan take wani attajiri ko tsohon ɗalibi yakan ɗauki nauyin gyara.

Daga nan sai rabon kyaututtuka, waɗanda galibi littattafai ne. Akwai ta wanda ya zo na ɗaya a kowane darasi, akwai kuma ta ladabi, da ta tsabta, da ta aikin gonar makaranta. Mafi girma ita ce kofi ko garkuwa da ake ba gidan da ya fi maki. Baƙi kuma sukan zaga su ga ayyukan hannu na ɗalibai, kamar sassaƙa, da saƙa, da ɗinki.

Abin da ya fi shafar masu nazarin Hausa shi ne wasan kwaikwayo. Da yake yawancin iyaye ba sa jin Turanci, da Hausa ake yin wasan da aka shirya domin su, kuma jigonsa bai cika wuce auren dole, ko tsabta, ko ha'inci, ko amfanin ilmi ba. Malam Aminu Kano ya fara rubuta wasanninsa ne yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana sukar cuta da zalunci. Rubutattun wasanni irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau na 1949, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi na 1960, da Uwar Gulma na Mohammed Sada na 1968, a makarantu suka sami masu karanta su da masu kwaikwayon su. Ta bakin ɗan wasa, yaro yakan faɗa wa manya abin da kunya ba za ta bar shi ya faɗa a gida ba.

Abu na ƙarshe shi ne miƙa mulki da ban kwana. Akan kira sunayen sababbin shugabanni daga ajin da ke biye, tsofaffi su miƙa musu alamar muƙami. Da dare masu fita sukan bi ɗaki-ɗaki suna neman gafara, su bar wa yaransu bokiti, ko akwati, ko littattafai. Wanda ya yi adalci yakan ga ana kukan rabuwa da shi, wanda ya yi zalunci kuwa yakan sulale da asuba kafin kowa ya tashi. Ƙananan da suka ga wannan da idonsu sun ɗauki darasin da ba a rubuta shi a manhaja ba.

Sauye-Sauyen Zamani

Abubuwa huɗu sun rage wa bukin ƙarfi. Na farko, sauya kalandar karatu da aka fara a 1973 ya kai ƙarshen shekara tsakiyar damina. A watan Yuli manomi yana gona, ba shi da kuɗi ko sukunin tafiya, 'yan ajin ƙarshe kuma sukan watse da zarar sun gama jarrabawarsu, tun kafin ranar taro.

Na biyu, shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa na 1976 ya ninka yawan ɗalibai, aka buɗe makarantun jeka-ka-dawo da yawa. Wannan ci gaba ne, sai dai a irin waɗannan makarantu gida ya zama launin rigar wasanni kawai, tun da ba a kwana tare, ba a ci tare.

Na uku shi ne rashin tsaro. A ranar 11 ga Disamba, 2020, aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, a ranar 26 ga Fabrairu, 2021, kuma aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Jihar Zamfara. Bayan waɗannan hare-hare jihohi da dama sun rufe makarantun kwana na karkara na tsawon lokaci, iyaye da yawa kuma suka janye 'ya'yansu.

Na huɗu, a makarantu masu zaman kansu da yawa bukin ya koma na kuɗi. Akan yanka wa iyaye kuɗin riga da hula da hayar zaure, har ga yaron da ya gama ajin reno. Rahoton shugaba ya koma tallar makaranta, wasan kwaikwayo ya koma raye-raye, kyauta kuma ta zama ta mutum ɗaya. Su ma masu fita daga sakandare sun ƙirƙiro nasu shagalin na rubuce-rubuce a jikin rigunan juna da yawo a tituna, abin da ya sa Gwamnatin Jihar Sakkwato ta hana shi a 2025.

Kammalawa

An ga cewa bukin ƙarshen shekara baƙo ne daga Ingila, amma ya zauna da gindinsa a ƙasar Hausa domin ya dace da lokacin kaka da al'adar kalankuwa, kuma ya yi wa jama'a aiki. Hana shagalin da ya ɓaci daidai ne, amma hani kaɗai ba zai biya buƙatar yara ta yin ban kwana da juna ba. Abubuwan da suka ba bukin daraja ba su da tsada: rahoton gaskiya da harshen da iyaye ke ji, da kyautar da ake ba gida baki ɗaya, da wasan da ɗalibai suka tsara da kansu, da miƙa mulki a bainar jama'a. Makarantar jeka-ka-dawo ma tana iya yin duk waɗannan a ƙarƙashin inuwar bishiya, in an sa ranar kafin masu fita su watse.

Akwai kuma aiki a gaban ɗaliban Sashen Hausa, waɗanda da yawansu koyarwa za su yi. Wasannin da malamai da ɗalibai suka tsara domin wannan rana, mafi yawansu ba a taɓa buga su ba, suna cikin tsofaffin littattafan rubutu ko a kan tsofaffin malamai. Tattara su tun masu su suna raye zai cike wani giɓi a tarihin wasan kwaikwayo na Hausa, ya kuma ba makarantun yau abin da za su nuna wa iyaye a ranar jawabi.