Takardar Sallamar Tsohon Soja: A Gyara Kuskurenta Tun Mai Ita Yana Raye

Tsohon soja ba shi da takardar da yake ɓoyewa kamar takardar sallama, ko takardar gida ba ta kai ta ba. A Wudil da ƙauyukan da ke kewaye da ita za ka same ta an naɗe cikin leda an cusa a ƙasan akwatin ƙarfe, gefenta ya yi ja don tsufa, tawadar ta soma dusashewa. A jikinta akwai lambar soja, muƙami, ranar shiga aiki da ranar barinsa, sai suna da bayanin haihuwa. Shekara da shekaru babu wanda ya damu da wannan layi na haihuwa, domin akawun da ke biyan fansho lamba yake dubawa da fuska. Yanzu kuwa kwamfuta ce ke dubawa. Tun da aka fito da lambar banki ta BVN a 2014, aka kuma matsa wa kowa ya mallaki lambar ɗan ƙasa ta NIN, duk lokacin tantancewa sai an jera bayanan mutum an ga sun dace. Idan takardar sallama ta ce 1948, banki ya ce 1952, katin ɗan ƙasa ya ce 1950, to a idon na'ura mutum uku ne. Saboda haka gyara wannan saɓani ba abin da za a jinkirta ba ne, kuma ba a ko'ina ake gyara shi ba.

Kafin a zargi kowa da ƙarya, a duba yadda shekarun nan suka hau takarda. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, rundunar sojan Nijeriya ba ta wuce mutum dubu goma da ɗoriya ba. Kafin a ajiye makamai a Janairun 1970 ta kai wajen 250,000. Ɗaukar gaggawa aka yi. Saurayi ya bar gona ko su a kogin Wudil ya shiga layi, a dubi tsawonsa da faɗin ƙirjinsa, a tambaye shi shekarunsa, ya faɗi abin da ya zo bakinsa ko akawu ya kintata. Ina zai samo takardar haihuwa? Dokar da ta tilasta rajistar haihuwa a faɗin ƙasa ba ta zo ba sai 1979. Iyayenmu da abin da ya faru suke riƙe shekara: an haife shi shekarar da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu, wato 1953, ko shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, 1956, ko damina biyu kafin haka. Wanda kuma malamin gidansu ya rubuta masa a bangon littafi, da watan Musulunci aka rubuta, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Turawa da kwana goma sha ɗaya. Duk shekara 33 ta wata daidai take da kusan 32 ta rana. Dattijon da ya ce shekararsa 66 bai yi ƙarya ba ko da lissafin ofis ya ba shi 64. Wannan ne ma ya sa tsofaffi da yawa suka tashi da ranar haihuwa ɗaya, 1 ga Janairu: gurbi ne da dole a cike shi, aka cike.

Wurin haihuwa ma yana da tasa rigimar, kuma sau da yawa ba kuskure ba ne sam. Wanda ya shiga soja kafin Mayun 1967 Lardin Kano aka rubuta masa, don babu jiha a lokacin. Wanda aka haifa a Dutse ko Birnin Kudu ya yi aikinsa duka yana ɗan Jihar Kano, sai ga Jigawa an ƙirƙiro a Agustan 1991, katinsa na yau ya saɓa wa takardarsa ta jiya. Ga kuma al'adar ɗaukar sunan gari a madadin sunan uba: mutumin ƙauye ya zama wane Wudil a bariki saboda nan ne garin da aka sani, a banki kuma ya ba da sunan mahaifinsa. Muhammadu ya koma Mamman a wata takarda, Mohammed a wata.

Abin da yawancin mutane ke yi idan suka gano saɓani shi ne su garzaya kotu su yi rantsuwar shekaru, su ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Takardar rantsuwa shaida ce kawai cewa wane ya faɗi kaza a gaban hukuma. Ba ta goge ko harafi ɗaya daga fayil ɗin soja. Wanda ya rubuta shi ne ke da ikon gyarawa. Bayanan ƙananan sojojin ƙasa suna ofishin adana bayanan soja da ke Lokoja, sojan ruwa da na sama kowa da nasa, Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutse-Alhaji a Abuja kuma da abin da rundunar ta ba ta take aiki. Don haka tambayar farko ita ce me aka rubuta ranar da mutum ya shiga kurtu, ba me ke jikin takardar da ke hannunsa ba. Idan fayil na asali ya ce 1951 amma mai buga takardar sallama ya buga 1957, wannan tuntuɓen alƙalami ne, kuma haƙƙin tsohon soja ne ya rubuta koke, da lambarsa da rundunar da ya bari, ya nemi a daidaita. Idan kuwa shekarar kintace ce tun farko, babu mai iya rantsewa a kan gaskiyarta, to hankali shi ne a bar takardar soja yadda take, a je Hukumar Ƙidaya a karɓi takardar shaidar haihuwa ta manya, a gyara NIN da BVN su bi ta. Takardar da ta fi tsufa ta fi ƙarfi, domin an rubuta ta tun ba wanda ke da abin da zai samu da ita. Da wannan ma'auni ake auna kowace shaida: rajistar firamare ta shekarun 1950 ko tsohon fasfo na aikin Hajji sun fi rantsuwar da aka yi makon jiya nauyi nesa ba kusa ba. Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa shi ne kai hannu jikin takardar. Za ka ga wadda aka kankare lamba da reza aka maye gurbinta da biro, ko aka kai wa mai kwamfuta a bakin tasha ya buga sabuwa tas. Wannan ya mayar da kuskuren akawu ya zama laifin jabu, kuma laifin a wuyan mai takardar yake.

Wani zai ce a bar kaza cikin gashinta: kuɗi na shiga duk wata, don me za a tono abin da zai iya jawo a dakatar da su? Tsoron nan ba na banza ba ne, domin fayil idan ya shiga bincike yana iya daɗewa, kuma tafiya Lokoja ko Abuja ga mutumin da ya haura saba'in ba ƙaramin aiki ba ne. Amma a auna da abin da ke gaba. Muddin tsohon yana raye, ga yatsansa, ga fuskarsa, ga abokan da suka yi horo tare a Zariya, ga bakinsa da zai faɗi bataliyarsa da sunan kwamandansa. Ranar da ya faɗi, duk wannan ya tafi da shi. Sai a bar matarsa, wadda wataƙila ba ta taɓa buɗe akwatin ba, ta tabbatar wa ofis cewa mamacin da ke takardar asibiti shi ne sojan da ke fayil, alhali shekaru sun saɓa, suna ya saɓa, wani lokaci ma magajin da aka rubuta tun ranar shiga aiki uba ne ko wa da ya riga shi rasuwa da shekara talatin. Wahalar wata uku ga mai rai ta fi sauƙi a kan ta shekaru ga marayu.

Daga ɓangaren hukuma kuma ana cewa buɗe ƙofar gyara buɗe ƙofa ce ga masu rage shekaru da masu cin fanshon matattu. Gaskiya ne, shi ya sa ƙa'idar aikin gwamnati take riƙe da ranar haihuwar da ma'aikaci ya bayar ranar da aka ɗauke shi. Sai dai an yi ƙa'idar ce don hana mai aiki ɗaga ranar ritayarsa. Wanda aka riga aka sallama ba shi da ritayar da zai ɗaga, kuma fanshon soja da muƙami da tsawon aiki ake lissafa shi, ba da ranar haihuwa ba. Gyaran ba zai ƙara masa ko kwabo ba. Maganin ɗan damfara shi ne a tsaurara shaida, ba a rufe ƙofa ga kowa ba. Wanda ya san da gangan ya ƙara wa kansa shekara don a ɗauke shi, ko ya shiga da takardar makarantar ɗan'uwansa, shi kam kada ya sa rai runduna za ta sake masa fayil. Ya nemi shawarar lauya kafin ya taɓa komai.

Aikin yanzu na ƴaƴa ne da jikoki masu karatu. A fito da takardar Baba a wannan makon, a jera ta da katin ɗan ƙasa da bayanin banki, a duba suna harafi-harafi, a duba shekara, a duba wanda aka rubuta magaji, a ɗauki hotonta a waya a kuma yi kwafi. In an ga saɓani, a fara da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, wato Lijiyon, don a san inda za a kai koke, kuma kada a miƙa wa ɗan kamasho takardar asali. Ita kuma ƙungiyar, tare da ƙaramar hukumar Wudil, ta nemi a riƙa turo jami'an adana bayanai zuwa Barikin Bukavu a Kano lokaci-lokaci, don tsohon da ke Wudil ya yi tafiyar kilomita arba'in maimakon ta kwana guda a mota.