Lambun rataye: Yadda 'yan haya a Sersouf ke noma a jikin katanga

Abin da ya fara tarbata a gidan goggona da ke unguwar Sersouf, a birnin Tamanrasset na kudancin Aljeriya, shi ne ƙamshin na'a-na'a. Na duba tsakar gida, siminti ne malale ko'ina, babu ƙasa ko ta tafin hannu. Sai da na ɗaga kai na ga jarkoki bakwai a rataye a jikin katanga, kowace da abin da ke cikinta: na'a-na'a, lawashi, alayyafo, yakuwa da tattasai.

Na ce, "Goggo, wannan kuma fa? Lambu a sama?"

Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, ai wanda ba shi da ƙasa, katanga ce gonarsa. Kuma ka duba da kyau, ko ƙusa ɗaya ban buga ba."

Tamanrasset gari ne a tsakiyar Sahara, kusa da duwatsun Ahaggar, a tudun da ya kai kimanin mita 1,400. Daga nan zuwa In Guezzam, garin ƙarshe kafin a shiga Nijar, tafiyar kusan kilomita 400 ce. Wannan hanya ce ta kawo mutanen Agadas, Damagaram, Maradi, har da na Katsina da Kano, shi ya sa za ka ji ana ciniki da Hausa a kasuwar Assihar kamar kana gida. Da yawansu haya suke yi, kuma ɗan haya bai da ikon huda bangon mai gida.

Goggo ta koyi wannan ne da tsada. A gidan da ta fara zama, ta sa an buga manyan ƙusoshi ta rataya bokiti biyu. Kullum ruwan ban-ruwa na bin jikin bango, har filasta ta jiƙe ta fara ɓarewa. Wata safiya bokiti ɗaya ya ɓalle ya faɗo daidai inda jikarta ke wasa. Allah Ya kiyaye, taku ɗaya ne tsakaninsu. Mai gidan kuma ya caje ta kuɗin gyaran bango kafin ta tashi.

Yadda ake ratayawa

Dabarar da take yi yanzu wani mai walda ne a unguwar ya haɗa mata. Rodi ake lanƙwasawa ya zama ƙugiya mai baki biyu: baki ɗaya ya hau kan katanga ya rungume ta, ɗayan ya sauko ta cikin gida ya ɗan tanƙwaro sama. Dole a fara auna kaurin bulo, domin in bakin ya yi faɗi ƙugiyar za ta riƙa rawa, in ya matse kuma zai ci filasta. Kowace jarka ƙugiya biyu take samu, a kuma saka guntun robar taya a ƙarƙashin ƙarfen don kada ya goge bangon.

Mazubin kuwa jarka ce mai lita 20, wadda mutanen Nijar ke kira bido. In an tsaga ta a kwance, rabi zai ɗauki ƙasa kusan lita 10, ya ishi na'a-na'a da lawashi da alayyafo. Yakuwa da tattasai suna son zurfi, don haka kan jarkar kawai ake yankewa a bar ta a tsaye.

Nauyi shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Rabin jarka cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan kai kilo 15, cikakkiya kuwa ninki biyu. Saboda haka Goggo ba ta yarda a huda gefen robar a rataya ta nan ba, domin rana na busar da roba ta tsage. Waya mai kauri ake zagayowa ta ƙarƙashi ta tallafe jarkar, sannan a maƙala a ƙugiya. Masu nauyin a ƙasa-ƙasa take rataye su, nesa da ƙofa da inda yara ke zama. Na bakin taga kuma a jikin ƙarafan tagar ake ɗaure su, ba a jikin katako ba.

Akwai ƙananan huji a gindin kowace jarka, da ɗan katako da ke raba ta da bango, yadda ruwan da ya tsiyayo zai ɗiga cikin roba a ƙasa. Da wannan ruwan take sake ban-ruwa da yamma. A garin da sai an janyo ruwan sha ta bututu daga In Salah, nisan kusan kilomita 750, aikin da aka buɗe a 2011, ba a wasa da ɗigo ɗaya.

Dalilin cirewa

Na tambaye ta, tunda abin ya zauna daram, me ya sa ba za a kafe shi gaba ɗaya ba? Ta ce in zauna har watan Janairu in gani. Sanyin dare a nan kan sauko kusa da ƙanƙara, tattasai ba ya jurewa, sai ta sauke shi ya kwana a ɗaki. Da zafi kuma takan mayar da jarkokin bangon da ke samun hantsi kawai, ya huta da ranar la'asar. Ranar da iska mai ƙura ta taso, duk a ƙasa suke wuni.

Amma babban dalilin ba na yanayi ba ne. Sau uku Goggo tana sauya gida, kuma kowane lokaci lambunta na bin ta a bayan mota tare da katifa da tukwane. Ta ce, "Zaman nan ba tabbas, ɗan nan. Abin da ba za ka iya ɗauka ba, kada ka sa ranka a kai."

Tun ƙarshen 2014 ake kwashe 'yan Nijar marasa takardun zama daga Aljeriya ana mayar da su gida, kuma ta Tamanrasset ake wucewa da su. Biyu daga cikin jarkokin nan bakwai ba na Goggo ba ne. Na wata maƙwabciyarta ne, 'yar ƙasar Damagaram, wadda ta fita wata safiya ba ta dawo ba. Bayan kwanaki ta bugo waya daga Agadas, kuma cikin abin da ta roƙa har da a kula mata da yakuwarta.

Goggo ta je ta ɗago su da ƙugiyoyinsu, ta rataya a nata bangon. Yakuwar ta yi 'ya'ya, ta tsinke irin ta ƙulle a ƙyalle. Ranar da zan taho ta miƙo min ƙullin da lambar waya a takarda, ta ce, "Tunda ta Agadas za ka bi, ka kai mata. Ka ce jarkokinta na nan, ina ba su ruwa."