Tagwaye bayan shekara arba'in: abin da ke faruwa a jikin mace

Ƙwayayen haihuwar mace tun tana cikin mahaifiyarta ake halittarsu, ba a ƙara mata ko ɗaya daga baya. Jaririya kan zo duniya da ƙwai miliyan ɗaya zuwa biyu. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen dubu 300, idan ta kai shekara 37 kuwa saura kimanin dubu 25. Shi ya sa mai shekara 30 ke da damar ɗaukar ciki kusan kashi 20 cikin ɗari a kowane wata, amma mai shekara 40 tata ba ta wuce kashi 5 ba. Ɓari ma yakan yawaita, domin ƙwan da ya daɗe ya fi saurin samun tangarɗa.

To, me ya sa ake yawan ganin Hassan da Hussaini a hannun matan da ake zaton sun yi auta? Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke aikawa, likitoci na kiransa FSH, shi ke sa ƙwai ya nuna kowane wata. Idan ma'ajiyar ƙwai ta fara gajiya ba ta amsawa da wuri, sai jiki ya ƙara yawan sinadarin, kamar mai ƙara itace a murhun da wutarsa ta yi sanyi. Wani watan sai ƙwai biyu su nuna tare. Masu bincike a Amsterdam ta ƙasar Holan sun nuna haka a 2006. Wato cikin yana wuyar samuwa, amma idan ya samu, yiwuwar ya zo biyu ta fi ta budurwar amarya. Wannan yiwuwar takan kai ƙololuwa ne tsakanin shekara 35 da 39, daga nan ta fara sauka.

Tagwaye marasa kama ake nufi a nan. Masu kama ɗaya, waɗanda ƙwai guda ya rabe biyu, uku zuwa huɗu ne cikin haihuwa dubu kusan ko'ina a duniya. A marasa kama kuwa, gado ta wajen uwa da yawan haihuwa suna taka rawa, haka ma asali: Afirka ta Yamma ce kan gaba, har garin Igbo-Ora na jihar Oyo ya yi suna da tagwaye.

A Turai da Amurka, da yawa daga tagwayen matan da suka haura arba'in daga dashen ƙwai a asibiti suke. A wajenmu abin da ke tayar mini da hankali daban ne: matan da ke sayen maganin Clomid a kyamis ba tare da likita ya rubuta ba, don kawai su haifi 'yan biyu, wani lokaci saboda gasa da kishiya. An yi maganin ne don macen da ƙwanta ba ya fita, kuma ana shansa ne likita na bibiya. Shansa kara zube na iya kumbura ma'ajiyar ƙwai ko ya kawo 'yan uku, jikin da ya haihu bakwai ko takwas kuwa ba lallai ya iya ɗaukar wannan nauyi ba.

Cikin tagwaye a wannan shekaru ba na wasa ba ne. Hawan jini da ke kai ga jijjiga, ciwon suga na masu ciki da zubar jini bayan haihuwa duk sun fi yawa, kuma fiye da rabin tagwaye kan iso kafin mako 37. Sau da yawa mace kan ga al'adarta ta ɗauke ta ɗauka girma ne, sai ciki ya yi wata huɗu ba ta je awo ba. Duk wadda ta ga haka ta yi gwaji, ta fara awo da wuri, a yi mata hoton ciki tun watanni ukun farko don a san jarirai nawa ne da ko mabiyiyarsu ɗaya ce. Maigida kuma ya tanadi kuɗin mota da masu ba da jini, domin haihuwar nan a asibitin da ke iya tiyata ya kamata a yi ta.