Tangaran Mai Shuɗin Zane na Ƙasar Sin

Tangaran mai shuɗin zane ya bunƙasa a garin Jingdezhen na ƙasar Sin a ƙarni na 14, zamanin daular Yuan. A lokacin, magina kan cuɗa farar laka da garin dutse su gina kwano ko tulu, su zane shi da launin kobalt da fatake ke kawowa daga Farisa, sannan su gasa shi da zafin kusan digiri 1,300. Jiragen ruwa sun kai shi har gaɓar Afirka ta Gabas, inda aka riƙa manna kwanukan a jikin masallatai da kaburbura. Turawa kuwa ba su gano sirrin haɗinsa da wuri ba, sai a 1710 aka buɗe masana'antar tangaran ta Meissen a Jamus.