Mazari, Abokin Gāban Sauro

Da damina ta kankama a Getso, mazari kan cika bakin kududdufai da fadamu. Yara na kama shi su ɗaura masa zare, mu manya kuwa bai ishe mu kallo ba. Alhali a ruwa yake yin ƙwai, 'ya'yansa su shafe makonni, wasu watanni, suna cin tsutsar sauro. In sun yi fiffike, su kama sauron a sama.

Iri biyu muke gani: ƙato mai sauka da fikafikai a buɗe, da siriri mai haɗe su a bayansa.

Idan muka wanke tankin feshi a kududdufi, maganin kan kashe su. Sauro kuwa cikin mako biyu ya dawo.